Jagorar tara tsofaffin sulallan azurfa na ƙasashen coci a Turai

Akwai zamanin da a Turai mutum ɗaya ke zama shugaban coci a gari, kuma shi ne sarkin ƙasar. Shi ke naɗa firistoci, shi ke karɓar haraji, yana da alƙalai da sojoji, yana kuma buga kuɗi da sunansa da tambarin gidansu. Irin waɗannan ƙasashe sun cika Daular Rum Mai Tsarki, wato yankin da a yau ya haɗa Jamus da Ostiriya da Jamhuriyar Cek da wasu maƙwabtansu. Uku ma daga cikin masu zaɓen sarkin daular manyan bishop-bishop ne: na Mainz, na Trier da na Köln. A tsakiyar Italiya kuwa Fafaroma ke mulki da kansa, tun daga Roma har Bologna. A 1803 aka rushe kusan dukkan ƙasashen coci na Jamus aka raba su ga sarakunan da ke kewaye da su, ƙasar Fafaroma ta ja zuwa 1870 kafin ta shiga Italiya.

Fadodinsu da majami'unsu suna nan, sai dai ka je ka gani ka dawo. Abin da mutum mai matsakaicin ƙarfi zai iya mallaka daga wancan zamani shi ne sulallan azurfar da suka buga tsakanin wajen 1500 da 1800. Harka ce mai daɗi, amma tana cin kuɗin wanda ya shige ta da ka. Wanda ya iya karanta ƙwandala, ya iya auna ta, ya kuma iya kame hannunsa daga goge ta, ya riga ya tsira daga mafi yawan asarar da ke cikinta.

Mataki na farko: tsaya a ƙasa ɗaya

Ƙasashen cocin da suka buga kuɗi suna da yawa ƙwarai. Akwai Würzburg da Bamberg da Eichstätt da Passau a kudancin Jamus, akwai Münster da Paderborn da Hildesheim a arewa, akwai gidajen sufaye irin su Fulda da Corvey da Kempten, ga Olmütz a ƙasar Cek ta yau, ga ƙungiyar mayaƙan coci ta Jamusawa da ake kira Deutscher Orden. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya sayi ɗaya nan ɗaya can, bayan shekara zai tarar da tarkace a akwati, bai san kowace da kyau ba, kuma idonsa bai saba da ko ɗaya ba balle ya gane jabu.

Ni dai in aka tambaye ni, Salzburg nake nuna wa sabon shiga. Dalilina uku ne. Ƙasar tana da arziki, ga gishiri ga ma'adinan zinariya da azurfa a kwarin Gastein da Rauris, don haka ta buga kuɗi masu yawa kuma har yau ba su yanke a kasuwa ba. An yi mata kundaye masu kyau, ta yadda kusan kowace ƙwandala tana da lambarta. Sannan jerin masu mulkinta gajere ne, mutum zai iya haddace shi. Daga 1619 zuwa 1803 mutum goma ne: Paris Lodron (1619–1653), Guidobald von Thun (1654–1668), Max Gandolf von Kuenburg (1668–1687), Johann Ernst von Thun (1687–1709), Franz Anton von Harrach (1709–1727), Leopold Anton von Firmian (1727–1744), Jakob Ernst von Liechtenstein (1745–1747), Andreas Jakob von Dietrichstein (1747–1753), Sigismund von Schrattenbach (1753–1771) da Hieronymus von Colloredo (1772–1803), wanda shahararren mai tsara kiɗan nan Mozart ya yi wa aiki. Ka ɗaura niyyar samun ƙwandala ɗaya ta kowannensu. Na Lodron da Colloredo za su zo maka da sauƙi saboda daɗewarsu a kan mulki. Na Liechtenstein, mai shekara biyu kacal, za ka jira shi. Kada ka sa rai da babbar ƙwandalar azurfa (tala) ta wani tsohon mai mulkin Salzburg, Leonhard von Keutschach, ta 1504 mai hoton tushen lambu a tambarinta. Ƙwayoyi kaɗan suka rage a duniya, kuma kwaikwayonta ya fi ta yawa nesa ba kusa ba.

Ba dole ne ka fara da manya ba. Babbar ƙwandalar azurfa ita ce tala, wadda kundaye ke rubuta wa Taler ko Thaler, amma ƙarƙashinta akwai rabi, da kwata, da ƙanana masu darajar kreuzer (ƙaramin kuɗin yankin) 20 ko 15 ko 4 ko 3. Ƙananan nan gomomin yuro ne sau da yawa, tala mai kyau kuwa ɗaruruwa. Tambari ɗaya ne, waliyyi ɗaya ne, salon rubutu ɗaya ne, saboda haka abin da ka koya a kan ƙarama zai yi maka aiki ranar da ka tunkari babba.

Wanda zuciyarsa ta fi karkata ga Italiya, sulallan Fafaroma fage ne mai kyau, sai dai ya fi faɗi kuma ya fi tsada. A tsarin kuɗinsu, baiocchi 100 ke yin scudo ɗaya. Giulio baiocchi 10 ne, nauyinsa wajen giram 3. Testone giulio uku ne, wajen giram 9. Piastra kuma, wadda Fafaroma Sixtus V ya fara bugawa a 1588, ta kai wajen giram 32. Testone ne madaidaicin wurin farawa.

Wani tsarin kuma shi ne bin jigo maimakon ƙasa. Mafi shahara shi ne sulallan da aka buga lokacin da kujera take babu kowa, tsakanin mutuwar shugaba da zaɓen magajinsa, masu ɗauke da kalmomin SEDE VACANTE. A Jamus majalisar malaman babbar majami'a ce ke buga su, kamar yadda Eichstätt ta yi a 1757 da 1781 da 1790. A Roma kuwa tambarin kadinal mai riƙon ƙwarya ne ke fitowa ƙarƙashin laima da mabuɗai biyu, a baya kuma kurciya. Kadinal Paluzzo Altieri shi kaɗai ya riƙe wannan matsayi a giɓi uku, 1676 da 1689 da 1691.

Mataki na biyu: koyi karanta ƙwandala

A nan ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka kafin ka kashe ko sisi. Buɗe kundin intanet na ɗakin sulalla na Berlin ko na Vienna, ko dandalin Numista, ka riƙa ɗauko hotuna kana karantawa kamar mai koyon sabon rubutu.

Fara da tambari. A sulallan sarakunan coci na Jamus za ka yawaita ganin garkuwa, bayanta an gicciya abu biyu: sandar bishop mai lanƙwasasshen kai da takobi. Sandar ikon addini ce, takobin ikon mulki, kuma wannan haɗi shi ne ainihin abin da kake tarawa. A cikin garkuwar akan haɗa alamar ƙasa da alamar gidan mai mulki. Mainz ƙafar keke ce mai sanduna shida. Salzburg zaki ne a ɓangare ɗaya, gicciyayyen layi mai faɗi a ɗayan, sama kuma faffaɗar hula mai tuntaye suna reto dama da hagu. Gidan Lodron zaki ne mai wutsiya a ƙulle. Fafaroma kambi ne mai hawa uku da mabuɗai biyu a gicciye.

Sai waliyyin gari. Salzburg tana sa Rupert, kuma ba ka ɓata shi domin yana riƙe da 'yar gangar gishiri. In ka ga wani kusa da shi da ƙaramin ginin majami'a, Virgil ne. Würzburg tana sa Kilian, Trier tana sa Bitrus, Bamberg tana sa sarki Heinrich II da matarsa Kunigunde.

Rubutun Latin ne, a gajarce, kuma V ke tsayawa a madadin U. Da farko kamar an watsa haruffa ne babu tsari, amma kalmomin ba su da yawa. Ɗauki talar Colloredo. Kewaye da hotonsa za ka ga HIERONYMVS D G A & P S A S L N G PRIM. D G na nufin da alherin Allah. A & P S, babban bishop kuma yariman Salzburg. A S L N, wakilin fadar Fafaroma wanda kujerarsa ce ta ba shi wakilcin. G PRIM, na gaba a cocin Jamus. Ƙarƙashin kafaɗarsa sau da yawa akwai ƙaramin M, alamar gidan Matzenkopf masu sassaƙa hatimin bugu. EPS bishop ne, ARCHIEPS babban bishop, ABB shugaban gidan sufaye, PONT MAX Fafaroma. In ka ga FRANC OR DVX, to na Würzburg ne, domin bishop ɗinta na da sarautar gabashin Franken.

Shekara ma tana da nata salon. Sulallan Fafaroma kan ɗauki shekarar mulki, a rubuta AN ko A sai lambar Romawa. Innocent XI an zaɓe shi a Satumba 1676, saboda haka AN VIII a kuɗinsa na nufin tsakanin 1683 da 1684. Shi ne mai testone ɗin nan da aka rubuta wa MELIVS EST DARE QVAM ACCIPERE, wato bayarwa ta fi karɓa, wanda aka buga da salon ado iri-iri har wasu suka mai da shi abin tarawarsu shi kaɗai. Shekarun jubili, wato shekaru masu tsarki na ziyarar Roma, irin su 1675 da 1700 da 1725, sukan zo da hoton Ƙofa Mai Tsarki ta majami'ar Bitrus.

A Jamus wani lokaci ana ɓoye shekarar a cikin jimla. Talar Eichstätt da bishop Joseph von Stubenberg ya buga lokacin yaƙe-yaƙen juyin juya halin Faransa tana ɗauke da VASCVLIS AVLAE ARGENTEIS PATRIAE INDIGENTI MINISTRAVIT AVXILIA, ma'ana da kwanonin azurfar fada ya agaza wa ƙasa mai buƙata. Duba da kyau, wasu haruffa sun fi sauran tsawo. Tsince duk wanda lambar Romawa ne, M da D da C da L da X da V da I, ka haɗa darajarsu. Kalmar farko ta ba da 161, ta biyu 55, biyun da ke biye ɗaya-ɗaya, INDIGENTI 503, MINISTRAVIT 1008, ta ƙarshe 67. Jimla 1796. Kuma maganar ba ado ba ce: da gaske aka narka kayan cin abincin fada don biyan kuɗin yaƙi. Trier ta yi irin wannan a 1794, Bamberg a 1795. Waɗannan na cikin sulallan da na fi ƙauna, domin kana riƙe da tarihin ƙasa a shekarunta na ƙarshe, shekara bakwai zuwa tara kafin a shafe ta daga taswira.

Karatun nan zai kai ka ga tarihin masu mulkin, kuma ba duka ne mai daɗin ji ba. Firmian, wanda talarsa ke da kyau ƙwarai, shi ne ya kori 'yan Furotesta kimanin 20,000 daga ƙasarsa a 1731 zuwa 1732. Mai tarawa na gaskiya ya kamata ya san wannan kamar yadda ya san nauyin ƙwandalar.

Mataki na uku: sikeli kafin ciniki

Kayan aikin ba su da tsada: sikelin dijital mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, ma'aunin faɗi mai baki biyu na roba don kada ya karce, madubin ƙara girma mai ninki goma, da ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi.

Ma'auni biyu ne za ka haddace. Dokar daula ta 1566 ta ce a fitar da tala tara daga mark ɗaya na Köln na zallar azurfa, mark kuwa wajen giram 233.8 ne. Wannan ita ce Reichstaler, nauyinta giram 29.23, azurfarta kashi 889 cikin dubu. A 1753 Ostiriya da Bavariya suka yi yarjejeniyar fitar da goma daga mark ɗaya, ƙasashe da yawa suka bi; ita ce Konventionstaler, giram 28.06, azurfa kashi 833 cikin dubu, kuma da yawansu an rubuta musu X EINE FEINE MARK. Tsohuwar tala da ta sha hannu za ta iya rasa 'yan ɗigo na giram. Wadda ta rasa giram guda ko fiye, ko an yanke bakinta, ko ba ta gaskiya ba ce. Ka kuma sa a ranka cewa tsakanin 1619 da 1623, a farkon Yaƙin Shekara Talatin, an gurɓata ƙananan kuɗi a Jamus da jan ƙarfe sosai. Ƙaramar ƙwandalar waɗannan shekaru da ta yi ja-ja ba lallai jabu ba ce.

Mu a nan muna da wata gata. Liyarin nan mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, da shekarar 1780, wanda fatake suka shigo da shi ta Sahara ya yi yawo a Borno da Kano da Sudan, wanda maƙeran farin ƙarfe suka daɗe suna narkawa, a kan ma'aunin 1753 aka buga shi. Ba kuɗin coci ba ne, kuma har yau ana sake buga shi da wannan shekara, don haka ba shi da wata tsada sama da azurfarsa. Amma nauyinsa da kaurinsa da ƙararsa daidai suke da na talar Colloredo ko Schrattenbach. Nemi ɗaya na gaske ka mai da shi abin gwaji.

Ga yadda ake gwajin ruwa, wanda ke nuna ko ƙarfen ƙwandalar azurfa ne. Auna ƙwandalar a bushe ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifiri. Ɗaure ƙwandalar da zare siriri, ka saukar da ita cikin ruwan ta nutse duka ba tare da ta taɓa gindi ko gefen kofin ba, ka karanta lambar. Raba nauyin bushe da wannan lamba. A cikin ruwa, tala ta ma'aunin 1753 za ta nuna kusan 2.75, sakamakon rabon ya zama wajen 10.2, ta 1566 wajen 10.3. Jan ƙarfen da aka shafa wa azurfa mai nauyi ɗaya zai nuna kusan 3.1. Da ka gama ka tsane ta da ƙyalle mai laushi, ba gogewa.

Maganaɗisu ba ya kama azurfa. In ka karkata ƙwandalar ka sake shi a kai, a hankali zai zame. Sai dai jan ƙarfe ma haka yake yi, don haka wannan gwaji na korar jabun ƙarfe ne kawai. Ƙara ma shaida ce: ɗora ta a kan yatsa ka ɗan taɓa gefenta da fensir, azurfar da aka buga tana amo mai tsawo, wadda aka zuba da darma ko kuza takan yi tuf ta mutu. Da madubi kuma ka nemi alamun zubi: ƙananan ramuka ko ƙuraje a fili, haruffa masu kumburi marasa kaifi, da layin haɗi a tsakiyar baki. Abu biyu ne ban yarda a yi ba ko da wasa, goga ta a dutsen gwaji da ɗiga mata ruwan asid kamar yadda ake yi wa awarwaro a kasuwa. Za ka tabbatar azurfa ce, ka kuma zubar da rabin darajarta a minti ɗaya.

Mataki na huɗu: san aibi da abin da ba aibi ba

A ganina aibin da aka ɓoye ya fi jabu cutar masu tara waɗannan sulalla, domin ƙwandalar ta gaske ce, nauyinta daidai, amma an taɓa ta. Dalili kuwa a fili yake. Kuɗi ne masu hoton waliyyai da Maryamu, mutane sun riƙa huda su ko liƙa musu kunne suna ratayawa a wuya, suna bayarwa kyautar baftisma, masu ziyarar Roma suna komawa da su gida don tabarruki. Daga baya wani ya cire kunnen, ya toshe hudar, ya kawo kasuwa.

Tunda yawancin dillalan Jamusawa ne da Italiyawa, dole ka san kalmominsu. Henkelspur alamar kunnen da aka cire ce. Duba baki daidai saman hoton, ka nemi wurin da adon bakin ya yanke, ko launi ya sauya saboda zafin walda. Gestopftes Loch huda ce da aka toshe, Italiyawa na cewa foro otturato. Sau da yawa an sake sassaƙa harafin da ke wurin, sai ya ɗan bambanta da 'yan uwansa. Felder geglättet na nufin an kankare filin da ke kewaye da hoton don ɓoye karce ko sunan da wani ya zana. Filin zai yi santsi fiye da kima alhali hoton ya sha jiki. Gereinigt ko berieben, an wanke ko an goge. Kowanne daga cikin waɗannan yana sare farashi sosai. Ba haramun ba ne ka sayi mai aibi in tana da wuyar samu kuma an faɗa maka gaskiya, an rage kuɗi daidai gwargwado. Sulallan Salzburg masu kusurwa huɗu da ake kira Klippe, alal misali, da yawansu an huda su a kusurwa ɗaya, kuma masu tarawa sun san da haka.

Akwai kuma abin da daga gidan bugu ya fito. Justiert na nufin layukan da aka yi da magagari kafin bugu don rage nauyin da ya wuce ƙa'ida. Suna tafiya jere a gefe ɗaya, kuma za ka ga hoton ya hau kansu. Sulallan da aka matse tsakanin naɗaɗɗun ƙarafa biyu, kamar talar Deutscher Orden ta 1603 da aka buga a garin Hall da sunan shugabanta Maximilian, da yawancin na yankin Ostiriya a ƙarni na 17, sukan ɗan lanƙwashe ko su ɗan yi tsawo ta gefe ɗaya. Haka aka haife su. Kada ka yi ƙoƙarin miƙar da su.

Matakan kyau a Jamusanci su ne s, ss, vz da st, daga mai gajiya zuwa wadda ba ta taɓa shiga hannu ba. A Italiyanci MB, BB, SPL da FDC. Matakin ss ko BB, mai launin tsufa na asali, shi ne inda kuɗinka zai fi yin auki. Ƙwandala mai duhu-duhu ruwan toka, wadda wuraren da suka ɗago suka ɗan yi haske, ta fi mai walƙiya kamar sabon cokali daraja a idon masana.

Mataki na biyar: saye

Kafin ka taya, nemo lambar ƙwandalar a kundi. Manyan taloli ana kiransu da lambar Davenport, a gajarce Dav. Na Salzburg da lambar Probszt ko Zöttl, na Fafaroma da Muntoni ko Berman, sannan lambar KM ta kundin Krause ta game kusan duka. Da wannan lamba za ka bincika a shafukan intanet na acsearch ko CoinArchives ka ga nawa irinta ta tashi a gwanjon baya, da wane mataki. Farashin da aka sayar shi ne abin dubawa. Wanda mai kaya ya rubuta fata ne kawai.

Gidajen gwanjo irin su Künker a Osnabrück, Gorny & Mosch a Munich, Rauch da Dorotheum a Vienna, da Frühwald a Salzburg kanta, suna fitar da irin wannan kaya a kai a kai, kuma Sixbid da NumisBids na tattara gwanjon gidaje da yawa wuri ɗaya. MA-Shops kasuwar dillalai ce mai tsayayyen farashi. Dillalin da ke cikin IAPN, ƙungiyar dillalan sulalla ta duniya, yana ɗaukar alhakin ingancin abin da ya sayar. Ka yi lissafi tun kafin ranar: a kan farashin da aka buga guduma akwai ladan gidan gwanjo, galibi kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ga kuɗin aike da inshora, ga canjin kuɗi da cajin banki. Rubuta iyakarka a takarda, in an wuce ta ka janye hannu. Talar Lodron wata za ta fito wata mai zuwa.

Wanda ke zaune a Najeriya ko Nijar ko Ghana ya rubuta wa gidan tun kafin ya yi rajista, ya tambaya ko suna aikawa ƙasarsa, ta wace hanya, kuma inshorar ta kai har ƙofa ko a'a. Kayan da ke fitowa daga Italiya na buƙatar takardar izinin fitarwa ta hukuma, abin da kan ɗauki makonni. In hoton baki babu a tallan, roƙi a turo maka. Dillalin kirki ba ya jin haushin wannan.

Sulallan da kamfanonin tantancewa na NGC ko PCGS suka tantance suka rufe a roba suna da amfani ga mai saye daga nesa, kuma kana iya duba lambar shaidar a shafinsu. In ka ga kalmar Details a kan takardar, akwai aibi, karanta wane ne. Amma yawancin kayan Turai a buɗe ake sayar da su, kuma rufaffiyar ƙwandala ba ta aunuwa. Tallan dandalin sada zumunta mai tala a farashin azurfarta, daga mai sayarwar da ba shi da adireshi, wuce shi kawai.

Mataki na shida: ajiya

Kada ka wanke. Ba toka, ba lemun tsami, ba man goge baki, ba garin sabulu, ba audugar goge azurfa. Launin da ke jikinta shekara ɗari biyu ko uku ya ɗauka yana zama, kuma ba ya dawowa. Riƙe ta ta baki, da hannu busasshe, a kan tebur mai shimfiɗa.

Abokan gabar azurfa su ne laima, da sinadarin farar wuta da ke cikin robar ɗaure kuɗi da wasu takardu da ulu, da kuma leda mai laushi ta PVC wadda ke zubar da wani koren maiƙo a jikin ƙarfe, musamman a ƙasa mai zafi. Yi amfani da kwanson roba mai tauri daidai girmanta, ko ambulan takarda marar asid, ka sa su a akwati mai rufuwa da 'yan ƙunshin silika masu shan laima. Da damina ka riƙa sauya silikar, da hunturu kuma ka kiyaye ƙura, domin ƙurar da aka share da yatsa karce take bari.

Buɗe littafi, kowace ƙwandala da shafinta: ƙasa, mai mulki, shekara, nauyi, faɗi, lambar kundi, aibinta, inda ka saya da nawa, da hoton gaba da baya da baki. Duk tsohuwar 'yar takardar da ta zo tare da ita, ko rasit, ko lambar gwanjo, ajiye su. Tarihin hannun da ta bi yana ƙara mata daraja kuma yana kare ka ranar da za ka sayar ko za ka ƙetare iyaka da ita. Littafin ne kuma zai hana magada kai talar 1628 ta bikin buɗe babbar majami'ar Salzburg wurin maƙeri a auna ta da kilo.

Musulmi mai tarawa ya ƙara layi ɗaya a littafin, na zallar azurfar da ke cikin kowace ƙwandala. Reichstaler na da giram 25.98, Konventionstaler giram 23.39. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda malamai da yawa ke ƙiyastawa giram 595, ke nan tala 23 ta tsohon ma'auni ko 26 ta sabo sun kai shi. Kafin tarinka ya je nan, kai wa malaminka lissafin, ka kuma tambaye shi hukuncin sayen azurfa daga nesa inda biya da karɓa ba sa faruwa a zama ɗaya.